Wayar da Ba Ta Tsoron Ruwa

Tungar Mode, ta Kajiji
Farkon Agusta, 2016

Zuwa ga taubashina Malam Ƙasimu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Safinatu da yara. Yaya Inna da ciwon gwiwarta? Yaya ɗiyata Uwani, har yanzu sai an kora ta take tafiya makaranta? Ni nan lafiya lau, sai aiki da sauro.

Na san za ka yi dariya ka ga takarda daga hannuna a zamanin ga, to yi abarka ka ƙoshi. Wayata ce ta tafi. Mun fito allurar rigakafi daga rugage, muna ƙetare rafin da ke tsakaninmu da Kajiji, babur ya yi tuntuɓe da dutse cikin ruwa. Na rungume akwatin allura, ita kuwa ta sulale daga jaka. Ina kallo ruwa ya wuce da ita, har da layina da duk lambobin da ke ciki. Wallahi Ƙasimu ko lambarka ban riƙe da kai ba. Ashe mutum na iya zama maraya saboda abin da bai kai tafin hannu ba.

Ka sayar da tunkiyata da ke wurin Inna, ka saya mani wata. Amma ka saurare ni da kyau, don na san halinka da son abu mai ƙyalli. Ba na son mai shafe-shafe. Wadda ta riga wannan irinta ce, sau ɗaya ta faɗi bisa marmara gilashinta ya tarwatse. Kuma hannun ungozoma bai rabuwa da ruwa ko safar roba, in na shafa ba ta ji. Mai madannai nake so, wadda ko ta faɗo daga bayan babur za a ɗauka a kaɗe ƙasa a ci gaba da magana. Ka tambaya ko akwai wadda ruwa bai yi wa komai, an ce ana yin su.

Babban abin shi ne batir. Nan babu wuta, kowa Kajiji yake aika wayarsa ranar kasuwa a yi mata caji da janareta. Wadda ba ta iya kaiwa daga kasuwa zuwa kasuwa ba ta da amfani gare ni. Ta zo da tocila mai haske, ta kuma iya cin layi biyu, don sabis a garin ga sai an hau tudun da ke bayan makabarta, can ma yau wannan layi ne ke kamawa, gobe wancan.

Ba don hira kawai nake nema ba. Ni kaɗai ce ma'aikaciya a ɗakin shan maganin nan, kuma ina da masu ciki da nake sa wa ido. Akwai wata Asabe, matar wani manomi, cikinta ya tsufa kuma kwanciyar ɗan ba ta yi mani ba. In abu ya ɓaci dole in kira Sista Lami a Shagari ta turo mota.

Amma ba zan ɓoye maka ba, abin da ya fi damuna shi ne la'asar. Kullum bayan salla nakan hau tudu in kira Inna ta wayar Safinatu, ta yi mani faɗan ban cin abinci, Uwani ta ƙwace ta ba ni labarin kaji. Tun da baban Uwani ya rasu, wannan kiran shi ne gidana. Yanzu in la'asar ta yi sai in rasa inda zan sa kaina.

Ka rubuto mani lambarka da ta Safinatu, in ari wayar Maigari in kira. Na ba wani mai sayen albasa takardar nan, ya ce ya san gidanku.

Ka gaida Inna, ka ce mata ina cin abinci.

Taka,
Hadizatu

*

Boɗinga
Tsakiyar Agusta

Zuwa ga Hadizatu likitar ƙauye,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun ji daɗin jin kina lafiya. Mu nan alhamdu lillahi, sai abin da ba a rasa ba. Gero ya fara fitar da kai a Danchaɗi, in Allah ya kai mu kaka bana dai ba za a yi kuka ba, ko da yake kasuwa ta yi zafin da sai dai addu'a.

Dariya kam na yi. Na karanta wa Safinatu abin da kike so, ta ce wannan ba waya kike kwatantawa ba, jaki ne: ya sha rana, ya sha ruwa, ya sha duka, a ba shi abinci sau ɗaya a mako. Ke da kika yi makarantar kiwon lafiya a birni, yanzu ki koma riƙe 'yar "raka ni kashi" kamar tsohuwa mai sayar da daddawa? Ki ji tsoron Allah, kada ki zubar mana da mutuncin dangi.

Na je rumfar Maniru mai wayoyi nan bakin tasha. Ya nuna mani wata babba mai faɗin gilashi, hotonta kamar ka taɓa mutum. Ya ce in an sa mata riga ta roba ba abin da zai same ta. Ki yi tunani, Hadizatu. Uwani ta yi giɓi, haƙoranta na gaba sun fita, in ta yi dariya sai ka ce ƙofar rumbu. Ba ki son ki gani? Da irin wannan sai in ɗauke ta in tura miki. Ta hana kowa jefar da haƙorin, ta ƙulle shi a tsumma wai sai kin zo kin gani.

Na tambaye shi mai jure ruwa, ya ce sai Sakkwato, kuma munana ne, masu kauri kamar bulo. Ban sayar da tunkiyar ba tukuna, ina jiran ki sake shawara. Gaggawa aikin shaiɗan.

Kin tambayi makarantar Uwani. Tana zuwa, har ta fara haɗa baƙi. Sai dai kullum la'asar takan zauna kusa da Safinatu tana kallon wayarta.

Wani abu kuma game da Innarki, na bar shi ƙarshe don kada hankalinki ya tashi: Goggo ta kwanta da masassara tun ranar Juma'a. An yi mata allura a asibiti, jiya har ta sha kunu ta nemi goro. 'Yan dubiya sun cika gida, ita kuwa sai faɗa take yi wai an hana ta barci. Kin san mai faɗa ya ji sauƙi.

Ga lambata da ta Safinatu na rubuta a ƙasa. Mai albasar nan zai kai takardar Kajiji, ya ce an yi ruwa mai yawa wajenku, amma zai sami wanda zai ƙarasa da ita.

Taubashinki mai hankali,
Ƙasimu

*

Tungar Mode

Ƙasimu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ban san yadda zan fara gaisuwa ba. Takardarka ta zo jiya da hantsi. Rafi ya cika ya batse, babu babur babu amalanke, sai Altine mai fito ne ke ƙetarewa da iyo, yana tura gorarsa. Shi ya kawo ta, ta jiƙe sharkaf. Na shanya ta bisa tabarma ina karanta wasanninka ina murmushi, jaki da bulo da giɓin Uwani, har na iso ƙasa inda tawada ta narke. Ga abin da ya rage: "na bar shi ƙarshe don kada hankalinki ya tashi: Goggo ta kwanta da ma". Daga nan sai shuɗi. Can ƙasa na tsinci "Juma'a", na tsinci "sun cika gida". Lambobin duk sun wanke.

Na karanta har idona ya yi zafi. Zuciyata ta ce ai ba zai yiwu Ƙasimu ya yi mani raha a takardar da ke ɗauke da mutuwar uwata ba. Sai na tuna haka kunka yi wa Kawu lokacin rasuwar ƙaninsa, kunka zaunar da shi da hira sai da ya ci abinci. Na koma farkon takardar na ga ka ce "sai abin da ba a rasa ba". Na kai wa Liman, ya ɗaga ta a rana, ya juya, sannan ya ce, "Malama, sai haƙuri. Ta kwanta dama."

Na ruga bakin rafi na ce Altine ya ƙetare da ni. Ya ce ko uwarsa ce ba ya ɗauka a wannan ruwa, shi kansa da ƙyar yake fita. Na je gidan Maigari, wayarsa ta mutu, ta kowa ma ta mutu, tun da ruwa ya raba mu da kasuwa ba wanda ya yi caji. Ko da tana da wuta, wa zan kira?

Matan gari sun zo mani gaisuwa. Sun kawo dawo da nono, sun zauna da ni. Mutanen kirki ne, amma ba wadda ta san Inna a cikinsu. Suna cewa Allah ya jiƙanta, ni kuwa ina son wanda zai ce mani, kin tuna yadda take ɗaura kallabi a karkace?

Ka gaya mani gaskiya duka. Ta sha wuya? Ta ambace ni? Wa ya yi mata wanka? Rabona da muryarta tun ranar da wayar ta faɗa ruwa, kuma a ranar ma na katse ta ne, na ce Inna ana jira na, sai gobe.

Uwani fa? Kada ku bar ta ta kwana ɗakin ita kaɗai.

Hadizatu

*

Tungar Mode
Ƙarshen Agusta

Ƙasimu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, Allah ya ƙara mana haƙuri. Shiru ban ji daga gare ka ba. Kullum Altine ya fito daga ruwa ina tsaye, ya girgiza mani kai. Ban sani ba ko tawa ce ba ta isa ba, ko hidimar mutane ce ta riƙe ka. Ban yi fushi ba.

Asabe da na gaya maka ta haihu, ɗan bai zo da rai ba.

Naƙuda ta kama ta da safe. Kafin azahar na tabbata abin da nake tsoro ne, ɗan a gicciye yake. Wannan ba aikin ɗakin shan magani ba ne, aikin asibiti ne. Na ce wa mijinta a ɗaure ƙyaure bisa goruna a ƙetare da ita. Altine ya ce in maza sun taru za a iya gwadawa. Mijin ya tambaye ni, "In mun ƙetare, akwai mota can?" Na ce babu. Ya ce, "To in kai ta ƙetare in shimfiɗe ta cikin laka, muna jiran mi?" Gaskiya ya faɗa. Da ina da waya da na hau tudu na kira Sista Lami, kafin mu ɗaure goruna mota na bakin ruwa.

Na yi abin da anka koya mani da abin da ba a koya mani ba. Hadari ya rufe gari, ɗaki ya yi duhu da rana tsaka, uwarta na riƙe mani fitilar ƙwai. Wajen la'asar Allah ya raba su. Namiji ne, ƙato. Ita ta rayu, amma ta zubar da jini da yawa, tafin hannunta fari fat. In ta tashi zaune sai jiri ya mayar da ita. Tana bukatar ƙarin jini, ni kuwa ƙwayoyi kawai gare ni. Ko yau ruwa ya janye ba zan iya barin ta in taho ba, ka gaya wa dangi kada su ga kamar ban damu ba.

Abin da ya karya mani zuciya, da ta farfaɗo ta kama hannuna ta ce, "Malama, ke da ke cikin zaman makoki na ɗora miki wahala." Ita ke ba ni haƙuri.

Jiya na hau tudu da la'asar, hannu wofi. Ban san abin da ya kai ni ba. Daga can ana hango hanyar Kajiji, na ga wata mota ƙanƙanuwa tana tafiya wajen gida. Na zauna har aka kira magariba.

Maganar waya, don Allah ka bar wasa. Ba na son hoto. Wadda zan so in gani a hoto ƙasa ta rufe ta. Ka sayo mummunar, mai kaurin bulo. Ina da wasu mata biyu da watansu ya kama.

Ka shafa mani kan Uwani. Ka ce ta adana haƙorin.

Hadizatu

*

Bakin rafi, hanyar Tungar Mode
Farkon Satumba

Hadizatu,

GOGGO TANA NAN DA RANTA. Tana nan lafiya, tana cin tuwo, tana faɗa. Masassara na rubuta, "ta kwanta da masassara", ruwa ya cinye sauran. Na kuma gaya wa Altine da baki, na sa ya maimaita, ko da wannan ma ta jiƙe.

Yanzu sai in yi sallama. Assalamu alaikum. Ina rubutu bisa sirdin babur, ki yi haƙuri da hannun. Na zo da niyyar in ƙetare, Altine ya dube ni sama da ƙasa ya ce in ban iya ruwa ba in tsaya inda nake. Ina hango rufin kwanon ɗakin shan maganinku daga nan.

Takardunki biyu tare sunka iso shekaranjiya. Mai albasar ya yi tafiya Yawuri da su cikin aljihu. Na karanta ta farko a zaure. Na shiga na iske Goggo tana tsinke zogale. Na rasa ta inda zan fara, sai na karanta mata kawai. Da farko ta yi dariya har da tari, ta ce ashe an yi mata sadaka da dawo ba ta sha ba. Da na iso inda kika tambayi wa ya yi mata wanka, sai ta ajiye tiren ta juya mana baya. Ga saƙonta, ta ce in rubuta yadda ta faɗa:

"Ɗiyata, ni ban tahi ko'ina ba. Mi za ya kai ni lahira ban ga auren Uwani ba? Ki share hawayenki. Wagga yarinya Asabe ki riƙe ta da kyau, kada ki taho sai ta miƙe. Kuma na san ƙarya kike, ba ki cin abinci."

Uwani ba ta san komai ba, mun ɓoye mata.

Jiya da sassafe na sayar da tunkiya na shiga Sakkwato. Na zaga rumfuna da yawa. Kowa sai ya miƙo mani mai ƙyalli, in ce a'a, ta ungozoma nake nema. Wasu sun nuna mani masu kauri da roba a jiki, amma da ka buɗe murfin baya sai ka ga ba abin da zai hana ruwa shiga, kaurin ado ne. Daga ƙarshe na sami wani dattijo can cikin kasuwa. Na ba shi labarin rafi da tudu da Asabe. Sai ya ɗauko wannan wayar. Ya nuna mani murfinta da ƙusa ake ɗaure shi, da zoben roba a ciki, ramin caji ma da marufinsa. Na ce na ji, amma ido ya fi kunne. Ya sake ta bisa siminti, ta yi tsalle. Ya tsoma ta cikin bokitin da yake alwala, ya ce in kira layin da ke cikinta. Hadizatu, tana cikin ruwa tana haske. Mutane har sun taru.

Ya yi mani gargaɗi in gaya miki: kullum ki tabbata marufin cajin ya rufu, in a buɗe yake ruwa zai shiga kamar kowace waya. Kada ki bar tocila kunne ba dalili. In kina cikin gari inda ba sabis ki kashe ta, neman sabis ne ke shanye batir. In kin kiyaye, ya ce za ta wuce kasuwa biyu. Na ƙara da wani ɗan faranti mai caji da hasken rana, ki shanya shi bisa rufi, kin huta da Kajiji.

Mummuna ce kam, ba zan yi miki ƙarya ba, baƙa da ratsin ɗorawa kamar ƙadangare. Na sa layi biyu da kati, na cika ta da wuta. Na biya ta Shagari na karɓo lambar Sista Lami, na kuma gaya mata halin da Asabe ke ciki, tana jiran kiranki. Lamba ta farko ta Goggo ce. Safinatu ta bar mata tsohuwar wayarta, tana nan ƙulle a bakin zanenta tun jiya, ta hana kowa taɓawa.

Na yi wasa inda bai kamata ba, Allah ya ba Asabe haƙuri. Ga Altine ya ɗaure kaya, bari in naɗe wannan cikin leda.

Ƙasimu

*

Tungar Mode
Satumba

Zuwa ga taubashina Ƙasimu,

Assalamu alaikum. Ina fata ka koma gida lafiya, ka iske kowa lafiya. Za ka ce ga waya, me ya kawo takarda kuma? Akwai maganar da in na fara ta da baki kuka zai hana ni ƙarasawa.

Ina cikin ɗaura wa wani yaro rauni na ji ana ihu daga bakin rafi. Altine ne, ko riga bai tsaya sawa ba, yana gudu yana faɗin, "Malama, tsohuwarki ba ta mutu ba! Masassara ce!" Na fito da almakashi a hannu. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Matan da sunka yi mani zaman makoki su ne sunka fara guɗa. Liman ya zo da kansa yana ta salati, ya ce daga yau ya bar fassara takardar da ta sha ruwa.

A tsakiyar rafi gorar Altine ta kife, ƙunshin ya nutse sai da ya yi nitso ya kamo shi. Takardarka ta tsira cikin leda, amma kwalin wayar ya zama kunu. Na ciro ta tana ɗigar ruwa, na goge da mayafi, na danna. Ta kawo haske.

Asabe ta ƙetare washegari da safe. Na yi magana da Sista Lami, ta ce mota za ta tsaya bakin ruwa da hantsi. Da mijin ya ji da kunnensa, shi ya fara ciro ƙyauren ɗakinsa. Maza sun kewaye ta cikin ruwa har wuya, muna tsaye muna addu'a, har munka ga an ɗaga ta an sa a mota. An ƙara mata jini. Jiya Sista ta ce ta tashi ta yi alwala da kanta.

Amma ka san ba Sista na fara kira ba. Na hau tudu da niyyar aiki ne farko, Allah ya sani, yatsana ne ya ƙi. Ta yi ƙara sau ɗaya aka ɗauka. Na ji numfashi, na ji ana kokawa da zane, sannan ta ce, "Wa ke nan?" da ƙarfi, kamar mai kiran wani daga gona. Duk abin da na tanada ya gudu. Na ce, "Inna." Ta ce, "Na'am." Na sake cewa, "Inna." Ta ce, "Na'am, ɗiyata, ina jin ki." Haka munka yi ta yi, ni kira ita amsawa, kamar marasa hankali. Sai Uwani ta ƙwace, tana magana iska na fita ta giɓin, wai akuyar maƙwabta ta haifi uku.

Munka yi sallama, na ce sai gobe in Allah ya kai mu. Ina shirin sauke wayar daga kunne sai na ji ba ta kashe ba. Ta ajiye ta ne kawai bisa tabarma. Ƙasimu, na ji gidanmu. Na ji Safinatu na daka, na san turmin, wanda ya tsage a baki. Na ji zakara, na ji ƙarar ƙofar langa-langar nan da kullum kake cewa za ka gyara. Uwani ta ce, "Ta tafi?" Inna ta ce, "Ta tahi aiki, gobe tana dawowa." Can wata maƙwabciya ta yi sallama, na ji Inna na gaya mata, "Yanzu munka gama magana da likita. Muryarta ta rame."

Ya kamata in kashe. Na tsaya nan bisa tudu, waya manne da kunne, ina jin ana zuba ruwa a buta, ana kiran awaki, har sai da na tuna Asabe na jira na katse da hannuna. Tun ranar kullum haka take yi, ni kuma kullum sai na ɗan tsaya.

Ruwa ya fara janyewa. In matan nan biyu sun sauka lafiya zan nemi hutu in taho. Ka gode wa Safinatu, ka gode wa dattijon kasuwa in ka koma. Wayar mummuna ce kamar yadda ka faɗa, yaran gari sun sa mata suna Kunkuru.

Abu ɗaya nake roƙonka. Na san halinka da koyarwa, ko'ina ka ga kuskure sai ka gyara. Don Allah kada ka koya wa Inna yadda ake kashewa.

Taka har kullum,
Hadizatu